Gonar da Tifa Ta Kwashe

An haife ni a wani ƙauye da ke tsakanin Roni da Gwiwa, a gidan noma. Babanmu ba shi da wata sana'a in ban da gona, kuma ban taɓa jin ya yi sha'awar wata ba. Mu biyu ne maza a wurinsa, ni da yayana, sai 'yan'uwanmu mata da suka yi aure tun ina ƙarami. Gandunmu yana gabas da gari. Ya faro daga gindin wani tudu mai duwatsu, ya gangara har bakin fadama.

Baba ya rasu a shekarar da aka ba da mulkin kai, bayan an gama girbi. Da aka zo rabon gado, Yaya ya ɗauki ɓangaren da ke kusa da fadama, ni kuma aka ba ni na gindin tudu. Ƙasar wurin ba ta da zurfi. In ka haƙa kamu biyu ko uku sai ka tarar da jar marmara mai tauri. Ban yi ƙorafi ba, don shi ne babba, kuma shi ke riƙe da Inna, mahaifiyarmu. Na dai duƙufa a kan abin da aka ba ni. Da rani nakan roƙi Fulani su sauka a gonar da shanunsu, in ba su gero, su bar mini taki. Na kwashe duwatsun da ke ciki da hannuna, na jera su a kan iyaka. Cikin 'yan shekaru wurin da ake cewa fako ne ya koma yana ba da gero da gyaɗa, har masu wucewa suna tsayawa su duba.

Aikin hanya kuwa da niyyar rani ɗaya na shige shi. Na yi aure, an yi mana haihuwar fari, sai wani ɗan garinmu ya ce ana ɗaukar leburori a Kazaure. Na je, helma, wato shugaban leburori, ya dubi tafin hannuna, ya ce in ɗauki diga. Da damina ta kawo kai na ce zan koma gida, sai ya ce mini, "Kai yaro, mutane nawa ne ke neman wannan digar? Riƙe ta. Gona ba ta gudu."

Na riƙe. Na kama hayar ɗaki a bayan kasuwa, na ɗauko mai ɗakina da jaririyar.

A lokacin hanyoyin ƙasarmu duk burji ne. Aikinmu shi ne mu bi su a ƙafa, mu cike ramuka, mu share gargada, mu yashe kwalbati kafin ruwa ya sauka. Wasu na sarar marmara da diga, wasu na ɗauka a kwando, wasu na daɓewa. Mota in ta zo wucewa sai mu ja gefe mu rufe hanci, direba ya ɗaga mana hannu ko kada ya ɗaga. Na fi shekara goma ina wannan aiki. Kafaɗata ta dama ta sauka, har yau ba ta koma daidai da ta hagu ba.

Amma ban saki gona ba. Da damina, duk ranar hutu, nakan hau keke da asuba in nufi ƙauye, in yi huɗa, in yi noman firi, in yi maimai, in dawo gaɓoɓina kamar an doddoke su. Abin da ban iya gamawa ba, ƙannen mai ɗakina su taimaka. Da kaka sai jakuna su shigo Kazaure da dammunan gero da buhunan gyaɗa, a sauke a ƙofar gidan hayarmu. Sauran 'yan haya, masinja da mai wanki da wani ɗan dako, su fito suna kallo. Mai ɗakina ta auna wa kowace mata kwano guda. Gyaɗar kuma ta soya, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli, yara su kai tasha. Da wannan aka yi musu kayan makaranta.

Ba na mance yadda nake ji in muka zauna cin abinci a gefen hanya, abokan aiki suna kukan tsadar hatsi. A raina ina cewa, ni lebura ne da rana kawai. Ina da wurin da nake ba da umarni, ko da kuwa ga fartanya ne.

Sai aka yi farin nan da ya kashe dabbobi. Mutane suka yi ta gangarowa daga arewa ta Babura, da 'yan ƙullin kayansu, suna zama a gindin itatuwa. Gonata ta ba da abin da bai kai a kira jaki ba. Bayan fari kuma gyaɗa ta kamu da kuturta, ganye ya murɗe, aka tona babu komai. Ana cikin haka aka mayar da rukuninmu can wajen Babura, inda keke ba zai kai ni gida in dawo ba. Na je na sami Yaya a zaure.

Na ce, "Yaya, ka riƙe mini gonar nan aro. Ka noma, ka ci. In an dawo da mu zan karɓa. Abin da nake roƙo kawai, kada a bar ta babu taki."

Ya ce, "Haba, ai gonarka gonata ce. Je ka yi aikinka."

Inna tana zaune a cikin gida tana jin mu. Ta sa mana albarka.

A shekarun nan ne kuɗin mai ya shigo ƙasa. Mu dai a rediyo muke jin sa, sai kuma a kasuwa, inda komai ya tashi. An yi mana ƙarin albashi, muka yi murna, kafin wata ya zagayo mai gidan haya da mai hatsi sun raba shi tsakaninsu. Yaran da muka sani suna tallan rake suka zama 'yan kwangila, suna wuce mu a kan sababbin babura. Sai aka fara cewa za a zuba wa hanya kwalta. Muka ɗauka aikinmu ne zai ƙaru. Wa ya san hanyar nan kamar mu?

Kamfani ne ya zo, da katafila da gireda da tifofi masu yawa. Abin da mukan yi wata muna yi, gireda ta yi shi kafin azahar. Muka ci gaba da fita da digoginmu, muna tsayawa a gefe kamar 'yan kallo. Wata safiya helma ya tara mu a gindin wata tsamiya, ya ce an rage ma'aikata, kowa ya mayar da kayan aiki sito.

Wani dattijo a cikinmu ya ce, "To, su wa aka rage, su wa aka bari?"

Helma ya ce, "Duka. Har da ni."

Muka jera muka miƙa diga da shebur. Mai sito yana duba kowace ƙota, wai ko an canja.

Da na faɗa wa mai ɗakina, ba ta tayar da hankali ba. Tana tankaɗe, ta ce, "To, Malam, sai mu koma gida. Dama can ai ba a nan aka binne cibiyarmu ba. Manyan yaran su zauna wajen ƙanwata su ƙarasa makaranta."

Maganarta ta sanyaya mini rai. Na kwana ina tsara yadda zan gyara ɗakin Baba, in sake yi wa rumbu jinka, in nemi irin gero mai saurin nuna. Rabona da ƙauye an daɗe, tun wata sallah. Da safe na hau keke.

Tun kafin in kai Roni nake gamuwa da tifofi, cike da jar ƙasa, suna fitowa daga wajen garinmu. Ina kauce musu ina cewa a raina, ashe kamfani ya sami marmara a yankinmu. Da na saki babbar hanya na ga an faɗaɗa turbar da muke bi da jakuna, sawun tayoyi ya miƙe gabas. Na bi sawun, don hanyar gonata ke nan.

Duwatsun da na jera a kan iyaka na fara gani, an ture su gefe guda sun zama tsibi. Bayansu babu gona. Rami ne, faɗinsa ya kai filin idi, zurfinsa ya fi tsayin ɗaki. Katafila tana ciki tana gurnani, tana sarar bango, wata na'ura na loda wa tifa. Baƙar ƙasar sama, wadda na yi shekaru ina ciyarwa da taki, an kankare ta an tara can gefe, tayoyi sun bi ta kai sun daddaɓe.

Na sauka daga keke na tsaya. Wani ma'aikaci ya daka mini tsawa in matsa, kada mota ta take ni. Na matsa.

Na tarar da Yaya a ƙofar gida. An yi wa zauren rufin kwano, ga sabon babur a jingine an lulluɓe shi da buhu. Da ya gan ni ya miƙe, ya yi ta jero gaisuwa, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Na bar shi ya gama.

Na ce, "Yaya, daga gona nake."

Ya ce, "Zauna mana ka sha ruwa."

"Wa ya ba su?"

Ya dubi ƙasa. "Aikin hukuma ne. Safiyo masu awon ƙasa suka zo suka kafa turaku, suka ce nan ne marmara mai kyau. Ko na yarda ko ban yarda ba, ɗiba za su yi. Mai gari ya ce gara a karɓi abin da suka bayar da a tashi a tutar babu."

"Da ka karɓa, ka aiko mini?"

"Kana can Babura, wa zan aika? Kuma kai mai albashi ne. Mu da muka zauna a nan muka sha fari, ka san abin da muka gani? Ka san da me na ciyar da Inna?"

Na dubi kwanon, na dubi babur ɗin. Shi ma ya ga inda nake kallo.

Ya ce, "Wurin nan fa fako ne tun asali. Kai ma ka sani."

Wannan kalma ta fi ramin yi mini ciwo. Na juya na nufi gidan mai gari. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, gonar da aka haƙa tawa ce. Kana wurin aka yi rabo."

Ya ce yana sane. Ya ce amma wanda aka tarar yana noma wuri shi ake tambaya, kuma ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ba baƙo ba. Ya ce hanya ta kowa ce, ni ma zan hau. In ina da magana, in je gaban alƙali, amma shi yana ba ni shawara in yi haƙuri.

Na yi niyyar zuwa gaban alƙalin. Inna ce ta hana. Ta tsufa sosai a lokacin, idonta ya fara rufewa. Ta kira ni ɗakinta, ta lalubo hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Na ji abin da aka yi maka, kuma an zalunce ka. Na faɗa masa. Amma ina raye ba za a kira 'ya'yana biyu a tsayar da su gaban mutane ba. Ka bari in mutu tukuna."

Na ce, "Inna, da me zan ciyar da yara?"

Ta ce, "Allah yana nan."

Ta sa Yaya ya ce zai yanka mini wani yanki a gefen fadama. Ya amsa a gabanta. Da damina ta zo ya ce ya riga ya yi shuka, sai baɗi. Da baɗi ta zo ya ce 'ya'yansa sun girma, gonar ma ba ta isar su. Ban sake tambaya ba.

Na koma Kazaure ba aiki, ba gona. Na yi dako a kasuwa na ɗan lokaci, kafaɗar ta ƙi. Ranar da mai ɗakina ta fara miƙo mini kwano in je in auno gero, na fita na zagaya kasuwa har sau biyu ban iya tsayawa gaban mai awo ba. Ina ganin kamar kowa ya san ni. Daga ƙarshe na je can ƙarshen layi wurin wani baƙo na saya, na rufe kwanon da gefen rigata.

Tsohon helmanmu ne ya zo ya ce kamfani na neman masu tuta, mutanen da za su tsaya a mahaɗa suna tsayar da motoci in tifa za ta fito. Ya ce ya sa baki a ɗauke ni. Na yi godiya. Da na je, sai aka ce mahaɗar da ke buƙatar mutum ita ce wadda ake fitowa daga ramin marmara. Na roƙi a canja mini wuri. Mai rabon aiki ya ce, "Malam, in ba ka so, ga mutane nan a bayanka."

Na karɓi tutar. Jan ƙyalle ne a jikin sanda.

Rani guda da rabin damina na yi a tsaye a wurin. Tifa ta taho daga gabas, in ɗaga tuta in tsayar da masu keke da masu jakuna, ta wuce, ƙasa na zuba daga bayanta a kan ƙafafuna. 'Yan garinmu suna wucewa ranar kasuwa. Wasu su gaishe ni su yi saurin kau da kai. Wasu su tsaya su ce, "Sai haƙuri." Yaya ma yakan zo wucewa a kan babur ɗinsa. In tifa na tafe, dole in ɗaga masa tuta ya tsaya. Sai ya tsaya, ya ce, "Sannu da aiki." In ce, "Yawwa, Yaya." Tifa ta wuce, in sauke tuta, ya tafi.

Ban taɓa faɗa wa direbobin tifa ko ƙasar wa suke ɗauka ba. Akwai wani mai fara'a a cikinsu da yakan jefo mini goro. Wata rana ya leƙo ya ce, "Baba, marmarar garin nan ta fi ta ko'ina kyau." Na ce masa haka ne.

Mai ɗakina ce ta ɗauki nauyin da ya fi nawa a shekarun nan. Da babu gyaɗar gida, sai ta koma saye a kasuwa, ribar ta zama ba ta taka kara ta karya ba. Ta shiga yin surfe da wankau a gidajen ma'aikata. Matar da ke auna wa maƙwabta kwano da kaka, ita ce ta koma karɓar ɗan tsaki a bakin zane. Ba ta taɓa ce mini don me na ba da aro ba. Sau ɗaya kawai, tana shafa man kaɗanya a hannunta da ya tsattsage, ta ce, "Ni ba gonar ce ke damuna ba. Yaran nan ne, za su tashi ba su da inda za su ce garinsu." Haka kuwa aka yi. Babu ɗaya a cikinsu da ya iya riƙe fartanya. Babban namijin ya bar makaranta ya zama yaron mota, daga baya ya zama direba.

Da aka gama hanya, manyan mutane suka zo aka yi taro aka buɗe ta. Mu masu tuta an sallame mu tun kafin ranar. Kamfani ya kwashe kayansa ya tafi, ya bar ramin yadda yake. Na sami gadi a wani sito, na yi shekaru a can har ƙarfina ya ƙare.

Inna ta rasu bayan an gama hanyar da 'yan shekaru. A wurin zaman makoki wani ɗan'uwanmu ya ja ni gefe ya ce, yanzu ai sai in tayar da maganata. Na yi tunani a kai. Amma me alƙali zai ba ni? Babur ɗin ya riga ya mutu, kwanon ya yi tsatsa, gonar kuma tana shimfiɗe a ƙarƙashin kwalta daga nan har inda ban sani ba. Na bar maganar. Mutane suka ce na yi halin manya. Ba halin manya ba ne. Gajiya ce.

Ni da Yaya ba mu yi gaba ba. Ina zuwa suna da biki da jana'iza, yana zuwa nawa. Muna gaisawa, mu tambayi iyali, mu yi maganar ruwan sama. Ban sake cin abinci a kwano ɗaya da shi ba, kuma ya lura, bai tambaya ba. A ciwonsa na ƙarshe ɗana ne ya ɗauko shi a mota ya kawo shi asibiti a Kazaure, ni kuma na yi jinyarsa, don 'ya'yansa duk suna kudu wajen neman kuɗi. Ina ba shi kunu a baki, ina juya shi. Kullum ina sauraron ko zai ce wani abu. Wata rana da hantsi ya kama hannuna ya daɗe yana kallona, na ce a raina, to, ga maganar nan ta zo. Sai ya ce in gyara masa matashi. Bayan kwana kaɗan ya cika. Na yi masa wanka, na bi shi har kushewa, na roƙa masa gafara kamar yadda ake yi. Ko zuciyata ta bi bakina, Allah ne ya sani.

Ramin yana nan. Da damina yakan cika da ruwa, ya kai har tsakiyar rani bai ƙafe ba. Fulani na shayar da shanu a wurin, mata na wanki, samari na buga tubali a bakinsa suna sayarwa. Kowa na amfana da shi. Da na je ƙauye a bara, na ji wata yarinya tana ce wa ƙawarta ta zo su je ɗiban ruwa, ta kira kududdufin da wani suna. Sunana ne. Na tambaye ta ko ta san mai sunan. Ta ce a'a, ita dai haka ta taso ta ji ana faɗa.